Amsa Ba Ita Ce Lissafi Ba

Muna roƙon 'yan'uwanmu ɗalibai su yi mana aikin gafara, gama za mu fama wani miki wanda kusan dukanmu muke ɗauke da shi. Idan malami ya ba da aikin lissafi a je a yi a ɗaki, mutum biyu ko uku kaɗai ke zama su sha wahalarsa. Sauranmu sai mu bari har asuba, mu ari littafinsu mu kwafe, ko kuwa mu buɗe ƙarshen littafin karatu inda aka jera amsoshi, mu ɗauko adadi mu ajiye ƙarƙashin tambaya. Malami ya sa alamar daidai, kowa ya yi murna, alhali kuwa ba abin da ya shiga kai.

Mun san mafarin wannan hali. Yawancinmu da allo muka fara, inda aka hore mu da hadda, hadda kuwa ba abar rainawa ba ce: ita ta sa a Midil muka riƙe 7 sau 8, 56, ba tare da ƙirga yatsu ba. Amma tambayar lissafi ba ta haddatuwa. Da an sāke adadi ɗaya, wanda ya haddace amsa ya zama makahon da ɗan jagora ya gudu ya bari.

Ga misali daga littafin da aljabara ta samo sunanta, wanda Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya wallafa a Bagadaza wajen shekara ta 820. Ana neman wani adadi wanda in an buga shi sau kansa, sa'an nan aka ƙara ninkinsa 10, jimla za ta zama 39. Amsa dai 3 ce, yaro ma yana iya lalubo ta da gwaji. To, amma a dubi hanyar da malamin nan ya bi. A zana murabba'i, kowane gefe nasa tsawon adadin da ake nema. A raba goman nan biyu, a jingina fili mai faɗin 5 a gefe guda, a jingina wani irinsa a gefen da ke maƙwabtaka da shi. Abin da aka zana duka girmansa 39 ke nan. Sai a ga kusurwa ɗaya ta saura ba a cike ba, 5 sau 5, watau 25. In an cike ta an sami babban murabba'i mai girman 64, gefensa 8. A ɗebe 5, saura 3.

Wanda ya zana wannan da hannunsa ko sau ɗaya, a ba shi ninki 6 da jimla 55, zai fitar da 5 kafin tawada ta bushe. Wanda ya kwafi 3 kuwa, 3 ɗin nan kaɗai ya mallaka. A lura kuma, hisabi da aljabara da ilmin awo, waɗanda ake koya mana kowane da sa'arsa dabam, ga su nan sun taru cikin zane guda.

Kada fa mu manta malamai za mu zama. Wata rana za a kai ɗayanmu makarantar ƙauye, yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, don me aka raba goman nan biyu?" A ranar ba aboki kusa da za a ari littafinsa, yara kuwa ba su jinkirin gane malamin da bai san abin da yake faɗi ba.

Wani zai ce aiki ya yi yawa, lokacin karatun dare kuwa kaɗan ne. Wannan gaskiya ce, shi ya sa muke kai kukanmu ga malamanmu cikin ladabi. A rage yawan tambayoyi, ko biyar sun isa in za a warware su filla-filla. A riƙa ba da maki a kan hanya, wanda ya bi ta daidai ya yi tuntuɓe wajen ɗebewa a ba shi rabonsa. Wanda kuwa ya kawo amsa ita kaɗai, ko da daidai ce, a miƙa masa alli ya fito gaban aji ya nuna yadda ya same ta.