Kirkissoye: kafin ka ba da kuɗin haya, tambayi bango da maƙwabta

Mu da ke zaune a hayin kogi, a da'ira ta biyar ta Yamai, mun san abin da ke jawo ƴan haya Kirkissoye: kuɗin ɗaki ya fi sauƙi a kan na tsakiyar gari, kuma ka haye gadar Kennedy ka isa wurin aiki. Sai dai wannan sauƙin akwai dalilinsa. Unguwar tana kwance ne a kwari, dab da kogin Isa da gonakin shinkafa.

Ba mu manta da 2020 ba. A watan Satumba ruwan kogi ya kai wajen mita 7 a Yamai, ya fasa shingen da ke tare shi, ya shiga Kirkissoye da Lamorde. Gidajen laka suka zube, iyalai suka koma makarantu. Daga baya aka yi yaɓe, aka shafa fenti, gidajen suka dawo kasuwa. Wanda ya zo neman ɗaki da rani ba zai ga alamar komai ba.

Shi ya sa muke cewa ganin ɗaki sau ɗaya tare da dillali bai isa ba. Dillali la'adarsa yake nema. Ka komo kai kaɗai, ka duba gindin bango: in siminti yana ɓarewa ko akwai farin gishiri, to ƙasa na tsatso ruwa. Ka leƙa masai. Ka lura ko daɓen ɗakin ya fi titi tudu. Sannan ka zauna da ƴan hayar da ke ciki ka tambaye su, ina ruwa ya tsaya a Agusta?

Sai batun mai kula da gida. Sau da yawa mai gidan ba ya nan, wani ɗan uwa ne ke karɓar kuɗi. To in rufi ya yi yoyo, wa za a kira? Wa ke biyan kwasar masai? A gidan haɗaka, takardar NIGELEC da ta ruwa, wadda yanzu ke hannun NDE tun da ta gaji SEEN a 2024, su ne tushen yawancin rigima. Ka nemi a nuna maka ta ƙarshe, kar ka gaji bashin wani.

Ƙasarmu tana da dokar haya tun 1996, amma yawancinmu da baki muke ƙulla magana. Ranar da ruwa ya kore ka, kuɗin ajiyarka da na watannin da ka biya gaba, da me za ka nemo su? A rubuta yarjejeniya, a sa shaidu, in da hali a gaban mai unguwa, kuma kowane wata ka karɓi rasit.

Masu gidaje ma wannan ribarsu ce. Wanda ya faɗi gaskiyar gidansa tun farko, shi ke samun ɗan haya mai daɗewa.