MASU BOM SUN ZAUNA, TALAKA NA BAKIN ƘOFA

Maganar bom ɗin nukiliya ta manya ce, amma ƙurarsa a ƙofarmu ta sauka.

A 1945 Amurka ta jefa wannan bom a Hiroshima da Nagasaki. A 1949 Tarayyar Sobiyet ta fasa nata. Daga nan tsere ya tashi: in wannan ya ƙera goma, wancan sai ya ƙera ishirin. Ba su yarda sun daidaita da gaske ba sai da suka leƙa kabari. A watan Oktoba na 1962, kan makaman da Sobiyet ta girke a Kuba, duniya ta kwana 13 tana jiran halaka. Tsoro ne ya kawo su kan tabarma.

A 1963 suka haɗa layin gaggawa tsakanin Washington da Mosko. A wannan shekara kuma Amurka da Sobiyet da Ingila suka sa hannu cewa an daina gwajin bom a sama, da sararin samaniya, da ƙarƙashin ruwa. Faransa da Sin suka ƙi. Mu kuwa mun san Faransa. Ran 13 ga Fabrairu 1960 ta fasa bom ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, ta ƙara uku a sarari, sa'an nan ta koma fasawa ƙarƙashin duwatsun In Ekker har 1966. Takardun sojanta da aka buɗe daga baya sun nuna ƙurar ta kai Afirka ta Yamma. Wa aka tambaya a Agadez? Wa aka tambaya a Tawa? Nijeriya dai ta kori jakadan Faransa a 1961 saboda wannan.

A 1968 aka ƙulla yarjejeniyar hana bazuwar makaman. Marasa bom suka yi alkawarin ba za su nema ba, masu shi suka yi alkawarin za su tattauna yadda za su ajiye nasu. Marasa bom, galibinsu, sun cika. Masu bom har yau suna riƙe da shi. Kura ce ke ce wa kare maye.

Amma mu faɗi gaskiya: zaman bai tashi a banza ba. A 1972 Nixon da Brezhnev suka sa iyaka ga manyan makamai da na kakkaɓo su. Yarjejeniyar 1979 ta maƙale, domin majalisar Amurka ba ta amince ba bayan Sobiyet ta shiga Afganistan. A 1987 Reagan da Gorbachev suka yarda aka lalata makamai masu linzami 2,692, kowane ɓangare na tura masu dubawa gidan ɗan uwansa. Nan ne asirin yake. Ɗan kasuwa ya sani: ba rantsuwa ke tsayar da ciniki ba, a auna mudu a gaban idonka. Bama-baman duniya da suka kai wajen 70,000 a 1986 sun sauko zuwa kusan 12,000.

To, igiyar da aka saƙa, ana ta warware ta. Amurka ta fice daga yarjejeniyar makaman kakkaɓo ta 1972 a 2002, ta fice daga ta 1987 a 2019. Ta 2010, wadda Obama da Medvedev suka sa wa hannu, ta ƙayyade wa kowa bama-bamai 1,550 a girke. Rasha ta dakatar da ita a 2023, wa'adinta kuma 5 ga Fabrairu 2026.

Wani zai ce, ina ruwan mai sayar da gujiya a kasuwar Maraɗi? Ruwansa ya kai wuya. Tun 1971 ake haƙar yuraniyam a Arlit, kuma daga irin wannan ma'adini ake samun wutar lantarki, daga shi ake samun bom. Iska kuma ba ta tsayawa wurin ɗan duwan ta nuna takarda.

Afirka ta nuna hanya. Afirka ta Kudu ta ƙera bom shida, ta wargaza su da hannunta. A 1996 ƙasashenmu suka sa hannu a Alƙahira kan yarjejeniyar Pelindaba, wadda ta haramta wannan makami a nahiyar, ta fara aiki a 2009. Wanda ya share gidansa yana da bakin ce wa maƙwabci ya share nasa.

Saboda haka a karanta wannan takarda a kowane reshe, ran kasuwa, a bayyana wa wanda bai iya karatu ba. Abin da muke nema a fili yake: manyan su koma kan tabarma, a maido da masu dubawa, a cika alkawarin 1968. Wanda ƙura ta sauka a rijiyarsa yana da haƙƙin magana!