Abin da Sikelin Ɗan Gwangwan Ba Ya Aunawa

A shekarun da na yi a Ingila ina karatun digiri na uku, na yi maƙwabtaka da wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. A bayan gidansa akwai wata 'yar rumfar katako maƙare da tsofaffin injinan yankan ciyawa, irin waɗanda ake turawa da hannu, wasunsu sun girme shi. Da farko na ɗauki abin a matsayin rashin aikin yi irin na wanda cikinsa ya cika. Mu da ciyawa abincin dabba ce a wurinmu, me zai sa mai hankali ya ƙare Asabar ɗinsa a kan ƙarfen da aikinsa aske ta a zubar?

Wata rana ya roƙe ni in kama masa wani inji da ya sayo, wanda tsatsa ta cinye har ba ya motsi. Ranar na ga aikin haƙuri. Kafin ya taɓa noti ko ɗaya sai da ya ɗauki hoton kowane sashe, domin kada ya ruɗe wajen mayarwa. Ya jiƙa haƙoran giya cikin kananzir na kwanaki, ya goge su da buroshin waya, sannan ya shafa wa wuƙaƙen man wasawa ya riƙa juya su baya-baya har suka yi kaifi. Gwajinsa shi ne takarda: in wuƙa ta yanke ta kamar almakashi, aiki ya yi. Fenti kuwa ya ƙi sabuntawa, ya ce ɗan koren da ya rage shaida ce, ba a shafe shaida.

Daga bakinsa na ji tarihin abin. Wani injiniya mai suna Edwin Budding, mutumin yankin Stroud, shi ya ƙirƙiro injin a 1830, bayan ya lura da na'urar da masaƙu ke aske gashin yadin ulu da ita. A 1832 kamfanin Ransomes na garin Ipswich ya sami izinin ƙera shi. Yau a Birtaniya masu tara waɗannan injina suna da ƙungiya, kuma a garin Southport akwai gidan tarihi sukutum na injin yankan ciyawa.

To, mai karatu, ba tarihin ne ya tsaya mini a rai ba. Da tsatsa ta fita daga jikin ƙarfen, sai ga sunan kamfanin ya bayyana, gabana ya faɗi, domin na san sunan tun ban iya karanta shi ba. Shi ne a jikin garmar shanun mahaifina, wadda na yi ƙuruciyata ina jan akalar bijimai a gabanta. Kamfanin nan na Ipswich shi ne ya yi suna da garmar Emcot, mai tayar da kunya, wadda ta bazu a ƙasar Hausa bayan an fara koya wa manoma huɗa da shanu a ƙarshen shekarun 1920. Da kuɗin gyaɗar da garmar nan ta noma aka saya mini allo da littafi, har na kai inda na kai.

Na dawo gida da niyyar in yi mata abin da na ga dattijon ya yi. Sai dai kash, na tarar an sayar da ita ga 'yan gwangwan watanni kaɗan bayan rasuwar mahaifinmu. An ɗora ta a sikeli, an biya kuɗin kilo, an jefa ta a kura tare da fasassun tukwane. Ban ga laifin ƙanena ba, domin lalurar asibiti ce ta taso, kuma mai jinya a hannu ba ya ajiye ƙarfe don tarihi. Laifin nawa ne, ni da na yi karatu amma ban taɓa gaya wa kowa cewa garmar tana da wata daraja bayan nauyinta ba.

Na san za a ce wannan sha'awar masu ƙoshi ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Hasali ma mun fi Turawa iya gyara: bakaniken da ke raya injin niƙa ƙirar Lista shekara da shekaru, da maƙerin da ke yi wa garma sabon baki da ƙarfen sifirin ɗin mota, ba su da abin koyo a wurin maƙwabcina. Bambancin shi ne, mu muna gyara ne don larura, ranar da larura ta kau sai sikeli. Abin da ke narkewa tare da ƙarfen kuwa ilimi ne: yadda maƙeranmu suka sauya ƙirar baƙo ta dace da jigawa, da dalilin da ya sa galmar wani yanki ta bambanta da ta wani. Na tambayi ɗalibaina a aji ko wa ya taɓa ganin jigo ana ban-ruwa da shi a lambu, hannu biyu kacal suka tashi. Injin ban-ruwa ya kore shi, kuma ba wanda ke kukan wahalarsa, amma bai kamata sunansa ya bi shi ba.

Abin da nake roƙo bai kai kasafin miliyoyi ba. Kowace tsangayar nazarin aikin gona ta ware rumfa ɗaya, ta sayi irin waɗannan kaya daga 'yan gwangwan a kan ɗan abin da ya ɗara farashin kilo, ta gayyato tsohon maƙeri ya gyara su a gaban ɗalibai, a rubuta sunan kowane sashe da Hausa tun masu sanin sunayen suna raye. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ni dai na fara daga gida. A bayan rumbu na tsinci sungumin mahaifina da magirbinsa, waɗanda rashin nauyi ya cece su daga sikeli. Na goge su, na yi wa sungumin sabuwar ƙota, na rataye su a zaure. Jiya 'yata ta tambaye ni mene ne wannan, muka zauna na gaya mata.