Zombin Italiya da aljanun gida: me ya hana mu yin fim ɗin tsoro namu?

Wanda ya tashi Yamai zamanin kaset ya san ɗakunan bideyo na unguwa: benci, labule, tele guda, sai fim ɗin karate, na Indiya, da dare kuma na tsoro. Yau ɗakunan sun ragu, amma finafinan tsoron sun koma cikin salula, yaro ɗan shekara 10 na kallonsu shi kaɗai. Iyaye na cewa a hana. Ni ra'ayina, hani kaɗai ba ya isa.

Mu ɗauki na Italiya, don su ne suka kai ƙarshe wajen jini. Uban tafiyarsu Lucio Fulci ne, ɗan birnin Roma, ya rasu a 1996. A 1979 ya fitar da Zombi 2, wanda Faransawa suka sa wa suna L'Enfer des zombies. An ba shi lamba 2 ne don a ci kasuwar fim ɗin George Romero na 1978 da aka nuna a Italiya da sunan Zombi, alhali babu dangantaka tsakaninsu. Sai Frayeurs a 1980, da L'Au-delà a 1981, labarin wani otel a Luwiziyana da aka gina bisa ɗaya daga ƙofofi 7 na wuta. Labarin bai da kai bai da gindi, kamar mugun mafarki yake tafiya: makauniya da karenta a tsakiyar hanya, gawawwaki na tashi cikin asibiti, kiɗan Fabio Frizzi na kaɗa maka hanji. Kuɗinsu kaɗan ne, aikin hannu ne na su Giannetto De Rossi da roba da jinin ƙarya. Duk da haka sai da Ingila ta sa wasunsu cikin jerin kaset ɗin da ta haramta, ta kuma yi dokar bideyo a 1984. Sakamakon? Sunansu ya ƙara tashi, har yanzu ana sake buga su.

To ga abin da ya kamata mu sani. Zombi ba ƙirƙirar Bature ba ce. Daga Haiti ta fito, wurin jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. A can, zombi mutum ne da boka ya tada daga kabari ya sa shi noma, ba magana ba hutu. Tsoron bawa ke nan: ko mutuwa ba za ta 'yanta shi ba. Su Fulci sun ɗauki gawar, sun bar ma'anar, suka cika wurin da tsutsa da ƙwaƙule ido. Mu kuma muka zauna muna kallon abin kakanninmu da aka sayar mana.

Alhali muna da namu. Jean Rouch ya ɗauki Les Maîtres fous a Akara cikin 'yan ci-ranin Nijar masu hawan iskokin Hauka, ya fito a 1955: kumfa a baki, yankan kare, iskoki masu kwaikwayon gwamna da sojan Turawa. Ya girgiza 'yan kallo har hukumar mulkin mallakar Ingila ta hana nuna shi. Moustapha Alassane kuma ya yi Toula a 1973, daga labarin Boubou Hama: fari ya addabi gari, aka ce sai an ba aljanin ruwa budurwa. Ya fito daidai lokacin da fari ke kashe dabbobi a Sahel. Wannan tsoro ne mai tambaya: ran wa ake bayarwa in gari ya shiga uku?

Saboda haka kirana ga matasa masu kamara biyu ne. Na farko, ku yi fim ɗin tsoro. Dodon tatsuniya, fatalwa, iskokin bori, Harakoy Dikko ta kogin Isa, duk suna nan, kuma Fulci ya nuna ba sai da miliyoyi ba. Duhu, sauti da haƙuri sun fi bokitin jini aiki. Na biyu, ku yi hattara da labarin maita. Ɗan Roma ya san zombi ba ta zaune maƙwabtansa. Mu nan, fim ɗin da ya nuna tsohuwa talaka tana cin kurwar yara na iya sa gobe a jefi wata tsohuwa ta gaske a unguwa. Wanda zai taɓa wanga fanni, ya sa tsoron ya faɗa kan mai ƙazafin.

Iyaye kuma, wallahi ƙwace salula ba ya maganin komai, gobe zai kalla wurin aboki. Ku tambayi yaro me ya gani, ku faɗa mishi roba ce da fenti. Gidajen tele da masu tura finafinai a kati su riƙa faɗin shekarun da suka dace, kamar yadda tashoshin Faransa ke sa alamar 12, 16 da 18 a gefen allo. L'Au-delà ba na yara ba ne, ko kusa.

Ku fa, wane labarin tsoro na garinku kuke ganin ya isa a yi fim da shi? Allah ya sa mu kwana lafiya.