Makarantun kuɗi na Amurka: maki kaɗai ba ya buɗe ƙofa

Duk ɗan kasuwar da Allah ya buɗa wa, burinsa ɗansa ya yi karatu mai kyau, ko da a ƙasar waje ne. Amma kafin a taɓa jari, ya kamata a san yadda manyan makarantun kwana na Amurka, irin su Andover da Exeter, suke tankaɗe yara.

Jarrabawar da aka fi sani sunanta SSAT, kuma da Ingilishi ake yin ta. Fanni uku ake ba maki: sanin kalmomi, lissafi da fahimtar karatu. Ga masu neman shiga lise, kowane fanni daga 500 ne zuwa 800, jimla 1500 zuwa 2400. Amsar kuskure kuwa tana cin rubu'in maki.

A nan gida, yaro ya samu 10 bisa 20 ya haye. Can ba haka ba ne. Ana jera shi ne da ƴan ajinsa da suka yi jarrabawar a Amurka da Kanada cikin shekaru uku na baya, a ga mutum nawa ya wuce cikin ɗari. Kamar kasuwar Maradi ce: darajar hajarka tana ga abin da maƙwabcin rumfa ya kasa. To, yaron da ya tashi da Hausa a gida, Faransanci a lakol, zai kara ne da waɗanda suka sha Ingilishi a nono. Shi ya sa ake ƙara neman baƙo ya yi jarrabawar harshe kamar TOEFL.

Ko makin ya yi kyau, da sauran aiki. Ana duba sakamakon aji da shaidar malamai, a kuma yi hira da yaron. Kuɗin shekara guda a irin waɗannan makarantu ya wuce dalar Amurka 60,000, wato fiye da miliyan 30 na sefa.

Sai kuma biza. A watan Disamba 2025 gwamnatin Donald Trump ta sa Nijar cikin ƙasashen da ta hana ƴan ƙasarsu shiga Amurka daga 1 ga Janairu 2026.

Don haka, Alhaji da Hajiya, duk dillalin da ya ce ku kawo kuɗi zai samo wa yaro maki da gurbi, ku tambaye shi zancen biza tukuna. Ingilishin kuwa a fara koya wa yaro tun yanzu, don zai yi masa amfani ko a Accra ko a Kano. Allah ya yi wa zuri'a albarka.