Fitilar Zafi Mutum Take Ɗumamawa, Ba Gareji Ba

Idan hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, cinikin jan ƙwan lantarkin nan mai zafi yakan tashi, wanda masu kiwon kaji ke rataya wa 'yan tsaki. Wasu kuma sukan saye shi don ɗumama gareji ko sito, wai haka ake yi a Amurka inda ƙanƙara ke zuba. To, mu ra'ayinmu shi ne: mai sayarwa ya faɗa wa mai saye iyakar aikin ƙwan nan tun kafin a ƙirga kuɗi.

Ga yadda abin yake. Zafin ƙwan nan irin na hantsi ne, abin da ya haska shi yake ɗumamawa. Makaniken da ke tsaye a ƙarƙashinsa zai ji ɗumi a hannu da kafaɗa, in ya matsa taku uku sanyi na nan yana jiransa. Babban ƙwan wat 250 ne. Hita ta ɗaki kuwa takan kai wat 2,000, watau ƙwai takwas ke nan. Ko takwas ɗin aka jera, gareji mai rufin kwano ba silin, ga ƙofar ƙarfe iska na shigowa ta ƙasanta, ba zai riƙe ɗumi ba. Ƙwai ɗaya a awa 10 yana cin yunit biyu da rabi na wuta, takwas kuwa yunit 20. Gara mutum ya toshe kafofin iska, ya buga silin, sa'an nan ya rataya ƙwai ɗaya daidai inda yake aiki.

Sai maganar gobara, ita ce babba. Gareji ba ya rasa jarkar fetur, da tsumma mai baƙin mai, da kwali. Tururin fetur yana kama wuta ko da sanyi ya kai yaya. Ƙwan in ya yi zafi ruwa ya fantsa masa, yana iya fashewa. Wanda ya ga babbar kasuwar Jos a 2002, ko ta Sabon Gari a Kano a 2016, ya san abin da wuta ke yi wa dukiya a dare ɗaya. Saboda haka kada a sayar da ƙwan nan sai tare da mariƙinsa na tangaran, don na roba narkewa yake yi, da ragar ƙarfe, da sarƙar ratayewa. Kada a rataye shi da wayarsa. A bar aƙalla rabin mita tsakaninsa da kaya, a fitar da fetur waje, a kashe shi in za a rufe.

Masu sarin kayan gwanjo kuma ku duba rubutun jikin ƙwan. Na Amurka na wuta mai ƙarfin 120 ne, tamu a Nijeriya da Nijar 220 zuwa 240 ce. Ana jona shi zai ƙone, mai saye ya dawo da rigima.

Wani zai ce faɗin gaskiya na rage ciniki, mai neman takwas ya koma ɗaya. Haka ne, amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda aka faɗa wa gaskiya bana, shi zai kawo maƙwabcinsa baɗi. Wanda shagonsa ya ƙone kuwa, sunan wanda ya sayar masa zai fara ambata.

Allah ya tsare mu da dukiyarmu, ya ba da ciniki mai albarka. Wassalam.