Majalisa ce za ta kwance EFCC daga turken fadar shugaban ƙasa

Tun da aka kafa hukumar EFCC a 2003, cikin shugabanninta biyar na farko babu wanda ya bar kujera da girma da arziki. A ƙarshen 2007 aka tura Nuhu Ribadu karatu Kuru, aka sallami Farida Waziri a 2011, aka sauke Ibrahim Lamorde a 2015, aka dakatar da Ibrahim Magu a 2020, Abdulrasheed Bawa kuma a 2023. Dokar hukumar ce ta ba shugaban ƙasa ikon tsige shugabanta ba tare da ya nemi yardar kowa ba. Jami'in da ya san takarda ɗaya daga fada ta isa ta raba shi da aikinsa, da wuya ya buɗe fayil ɗin ɗan gaban goshin gwamnati. Zargin da 'yan adawa ke yi a kowane zamani, cewa su kaɗai ake farauta, daga nan ya samo tushe.

Gyaran yana hannun Majalisar Dokoki ta Ƙasa. Sashe na 88 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ta ikon bincike, kuma samfuri na nan a gida: ba a cire shugaban hukumar ICPC, takwarar EFCC, sai kashi biyu bisa uku na sanatoci sun amince. Me ya hana a yi wa EFCC haka, a kuma ƙayyade wa'adin riƙon ƙwarya? Sau biyu Majalisar Dattawa ta ƙi tabbatar da Magu, a 2016 da 2017, amma ya ci gaba da riƙo sama da shekara uku, domin dokar hukumar ba ta faɗi ranar da riƙo zai ƙare ba.

Za a ce majalisar cike take da tsofaffin gwamnoni masu shari'a da hukumar, wanda ake tuhuma kuwa ba ya sa ido kan mai tuhumarsa. Wannan tsoro gaskiya ne. Amsarsa ita ce a haramta wa kwamitin majalisa mai sa ido kan hukumar taɓa shari'ar mutum ɗaya, duk sanatan da ke da fayil ya fice daga kwamitin, a kuma yi zaman a bainar jama'a. Abin tambaya a wurin shi ne alƙaluma: ƙorafi nawa ya shigo, nawa ya kai kotu, nawa ya kwanta bayan mai shi ya sauya sheƙa. Doka ta riga ta wajabta wa EFCC miƙa rahoto ga majalisa kowace shekara. Mai karatu, tambayi sanatanka ko ya taɓa karanta shi.